Shin birki yana shan mai? Muhawarar direbobi da kanikawan Legas

Nasiru Agege: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman fatawar iyayenmu kanikawa. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 kowa ya koma ƙirga lita, kuma akwai maganar da ta cika tashoshin Agege da Mile 12: wai fad ɗin birki, wato abin da ke matse disk (faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya), ba ya taɓa sakin disk gaba ɗaya, kullum yana gugarsa ko ba a taka ba, don haka birki na cikin abubuwan da ke cinye mai. Har wasu na cewa a sa bakanike ya ɗan buɗa fad ɗin da sukundireba. Mene ne gaskiyar lamarin?

Oga Sale Ladipo: Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuma shi ke jefa mutane a rami. Birkin disk ba shi da sifirin da ke janye fistin baya. Aikin wata roba ce mai kusurwa huɗu da ke zagaye da fistin a cikin kalifa, wato gidan ƙarfen da ke riƙe da fistin da fad a kan disk. In ka taka, man birki ya turo fistin, robar sai ta ɗan lanƙwashe ta bi shi. In ka ɗaga ƙafa sai ta miƙe ta jawo shi baya. Jan da take yi bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba, kaurin takarda ke nan. Saboda haka fad yana nan dab da disk, wani lokaci har yana shafarsa, kuma haka aka ƙera shi da gangan domin birki ya kama nan take ba sai ka yi famfo ba. Wanda ya buɗa fad da sukundireba, takun farko feda za ta tafi ƙasa babu kamu, taku na biyu ko na uku fistin ya koma mazauninsa. Bai rage ko cokali ɗaya na mai ba, ya dai sayi hatsari a bakin gareji.

Injiniya Bashir Ikeja: Oga Sale ya faɗi yadda abin yake, bari in sa masa lissafi don a ga girmansa. Mu ɗauki mota mai nauyin kilo 1,400 tana tafiyar kilomita 80 a awa. Abin da tayoyi ke ja a kan kwalta kusan niyuton 140 ne (niyuton ma'aunin ƙarfi ne), iska kuma wajen 190. Mu ƙaddara shafar fad a kowace ƙafa tana riƙe wili da niyuton-mita 1 (ma'aunin ƙarfin murɗawa). Daga tsakiyar wili zuwa ƙasa kusan mita 0.3 ne, to ƙafa huɗu sun ba da niyuton 13. A tafiyar kilomita 100 wannan megajul 1.3 ne (ma'aunin makamashi). Litar fetur tana ɗauke da megajul 32 ko kusa, amma abin da ke isa taya bai fi rubu'i ba, a ce 8. Raba ka gani: bai kai kashi ɗaya cikin biyar na lita ba a kilomita 100. Wannan shi ne harajin lafiyayyen birki.

Yanzu a ce kalifa ɗaya ta ƙame tana riƙe da niyuton-mita 25. Wannan niyuton 83 ne, wato lita guda cur a kowace kilomita 100. Motar da ke shan 8 ta koma 9. Kuma ƙarfin nan ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake zama, kusan kilowat 2 a wannan gudun, kamar a manna wa disk babban dutsen guga na lantarki a bar shi a kunne tun daga Ojota har Ibadan.

Nasiru Agege: Injiniya, ke nan in shan man mota ya ninka, ba birki ba ne?

Injiniya Bashir Ikeja: Da wuya ƙwarai. Birkin da zai ninka shan mai, kafin ka gama gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wilin na hayaƙi, mutanen gefen hanya na ɗaga maka hannu. In mai ya ninka kuma wili huɗu babu mai zafi fiye da ɗan uwansa, a koma wajen inji: na'urar auna iskar salansa, na'urar auna iskar da ke shiga, fulogi, nozil mai yoyo, da kuma cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye da aka mayar al'ada a garin nan. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutarsa na ci gaba da ƙara masa mai tana zaton yanzu aka tashe shi.

Alhaji Garba Idi-Araba: Ni ina da ja a kan lissafin nan, Injiniya. Ka yi shi a kan titi buɗaɗɗe. Motar Legas yaushe ta ga 80? Daga Oshodi zuwa Apapa tafiyar hawainiya ce. A cunkoso ba shafar fad ke cin mai ba, kuma ba kalifa ba, tsayuwa ce inji na aiki da AC.

Injiniya Bashir Ikeja: Gaskiyarka ne Alhaji, ƙaramar mota a tsaye tana ƙona abin da ya kusa lita a awa, da AC ma ta fi. Amma riƙon birki da nisa ake auna shi, ba da gudu ba. Kilomita 100 ɗin nan ko a kwana uku ka yi ta, litar tana nan. Abin da cunkoso ke yi shi ne ɓoye ta a cikin babbar asara, ya kuma hana disk samun iskar da za ta sanyaya shi.

Oga Sale Ladipo: To a zo ga yadda ake gane shi, domin a nan ake ɓarnar kuɗi. Mutum ya ji ƙauri sai ya shigo kasuwar Ladipo ya sayi kalifa, alhali tiyon da ke kai mata man birki ne.

Fara da abin da ba ya buƙatar sifana. A fili shimfiɗaɗɗe daidai, sa giya a firi, saki hambirki, ka tura motar da kafaɗa. Ƙaramar mota lafiyayya mutum ɗaya na motsa ta. Ko kuma kana tafiya a hankali kamar tafiyar ƙafa ka bar ta ta tsaya da kanta: in ta lallaɓa ta tsaya, lafiya, in ta tsaya da ɗan fizga kamar an taka mata, akwai ƙafar da ke riƙe. Sannan ka yi tafiyar minti goma inda ba ka yawan taka birki, ka tsaya, ka kusanta bayan hannunka ga kowane rim. Kada ka taɓa disk, yana sale fata. Gaba ya fi baya zafi, wannan daidai ne, don gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa. Abin dubawa shi ne hagu da dama. In ɗaya ɗumi ɗaya kuma wuta, ka sami mai laifi. Mai na'urar auna zafi ta nesa ya haska disk biyun a wuri ɗaya ya gwada. Sauran alamu: rim ɗaya ya fi sauran baƙin ƙura, sitiyari na ja gefe guda, disk ya yi shuɗi-shuɗi, ƙauri kamar na kulocin da ya ƙone.

Daga nan a ɗaga motar tun tana da zafi, don wani riƙon ba ya bayyana sai da zafi. A sa mata abin tokare, kada a dogara da jak kaɗai. A taka birki da ƙarfi sau biyar a saki, a juya wili da hannu. Na baya ya kamata ya zagaya sau ɗaya ko biyu da kansa. Na gaba a mota mai jan gaba ba zai yi haka ba saboda shaf da giya, don haka da ɗan uwansa za ka gwada shi.

In ya ƙi juyawa, kafin ka kwance komai, sassauta nifil, ɗan notin cire iska na wannan kalifar, rubu'in zagaye. Wannan gwajin shi ne ya raba gardama. In mai ya yi tsartuwa kuma wili ya saki nan take, kalifar ba ta da laifi, matsin mai ne ya maƙale a bayanta. In ka buɗe kuma wili na nan a riƙe, matsalar ƙarfe ce: fistin, fin, ko fad.

Ɗanlami Mai Birki, Alaba Rago: Oga, bari in ɗora daga inda ka tsaya, ɓangaren da mai ya maƙale. Abu biyu ne, tiyo ko masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu. Rufe nifil, sake taka birki har wili ya kama, sai ka je wajen masta ka sassauta bututun ƙarfen da ke zuwa wannan ƙafar. In wili ya saki, masta ce ba ta barin mai ya dawo. In bai saki ba amma a nifil yana saki, toshewar na tsakani, kuma galibi tiyon roba ne. Tiyo yana ruɓewa ta ciki, fatar ciki ta ɓare ta zama kamar ƙyaure: ƙarfin ƙafarka na tura mai ya wuce, amma dawowa babu abin da ke tura shi sai waccan 'yar robar da Oga ya ambata. Ta waje kana ganinsa sumul. Abin da ke kashe tiyo da wuri shi ne barin kalifa tana reto a jikinsa lokacin canza fad, da matse shi da filaya. A rataye kalifa da waya a jikin sifirin.

Ita kuwa masta, akwai ɗan rami ƙarami da mai ke komawa tanki ta cikinsa in an saki feda. Duk abin da ya hana fistin ɗin masta komawa ƙarshe zai rufe ramin. An canza masta ko sabo (servo, tukunyar da ke ƙara wa feda ƙarfi) ba a daidaita sandar da ke tura ta ba. An murɗa makunnin fitilar birki ya shige da yawa ya tokare feda. Ko datti. Alamarsa daban ce: da safe mota lafiya lau, bayan tafiyar minti ashirin mai ya ɗumama ya kumbura ya rasa wajen zuwa, sai ƙafa biyu ko duka huɗu su kama, in ta huce ta saki. Taɓa feda da yatsa, dole a sami ɗan wasa kafin ta fara turawa. A yawancin Toyota milimita 1 zuwa 6 ne. Babu wasa, akwai matsala.

Sai babban bala'i: zuba man giya ko man sitiyari a tankin birki, wai duk mai ne. Robobin birki ba sa shiri da man da aka samo daga fetur, kumbura suke yi. Buɗe murfin tankin, in robar murfin ta kumbura ta yi laushi ta ƙi komawa mazauninta, an gurɓata shi. Wannan wanki ba ya gyara shi, sai an canza duk abin da ke da roba, daga masta har tiyo har kalifa.

Usman Obalende: Maigida Ɗanlami, cika tankin har baki fa? An ce shi ma yana kamawa.

Ɗanlami Mai Birki, Alaba Rago: Yana iya yi. Yadda yake faruwa: fad ya cinye, mai ya sauka, aka ƙara har layin sama. Ran da aka sa sabon fad aka mayar da fistin ciki, man ya dawo ya cika tankin maƙil. A zuƙe shi da sirinji ya dawo layin MAX, shi ke nan.

Oga Sale Ladipo: Saura ɓangaren ƙarfe, kuma a Legas shi ya fi yawa, saboda ruwa. Motar da ke ratsa ambaliyar Lekki ko Ajah da damina, ko take kwana kusa da gishirin teku, ƙafafunta ba irin na motar Kano ba ne.

Kalifar yawancin ƙananan motoci fistin ɗinta a gefe ɗaya yake, jikinta kuma na zamewa a kan fin biyu don ya jawo fad na waje. Cire kalifar ka ja kowane fin da yatsu biyu. Ya shiga ya fita cikin sauƙi. In sai da filaya, ya ƙame. Fad ɗin ma yana ba da labari: ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, ko ya cinye a karkace kamar bakin gatari, to fin ne ko mazaunin fad. In duka biyun na ƙafa ɗaya sun cinye sun bar na ɗaya ƙafar, a zargi fistin ko tiyo. A goge fin da samfefa mai laushi, a share raminsa, a canza robar bakinsa in ta yage, don ta nan ruwa ke shiga.

Giris kuwa, don Allah a bar baƙin giris na boris. A motocin Toyota da yawa ɗaya daga fin biyun yana da 'yar roba a bakinsa. Giris ɗin boris na kumbura ta, wata biyu ta toshe ramin. Giris ɗin silikon ko jan giris na roba ake sawa, shafe kaɗan. In aka cusa da yawa har ƙasan ramin, fin ba zai shige ƙarshe ba.

Mazaunin fad shi ake mantawa. Tsatsa na taruwa a ƙarƙashin 'yan ƙarafan da kunnen fad ke zama a kai, ta tura su sama ta matse fad. A cire su, a kankare tsatsar da fayil har ƙarfe ya fito, a mayar. Wasu fad masu araha fentin kunnensu ya yi kauri, a rage shi. Ƙa'idar ita ce fad ya shiga da yatsa. Wanda aka shigar da guduma ba zai taɓa sakin disk ba.

Fistin kuwa, ɗaga robar ƙurarsa ka leƙa. In tsatsa ta ci jikinsa ta yi ramuka, samfefa ba ta maganinsa, zai yanka sabuwar roba ya yi yoyo. A canza fistin da robobinsa, ko kalifar baki ɗaya. Kalifar tokumbo ma a gwada ta kafin a biya, ta daɗe a ajiye.

Alhaji Garba Idi-Araba: A yi maganar baya, Oga. Rabin motocin haya diram ne a baya, har danfo da keke.

Oga Sale Ladipo: Birkin diram, wanda layinin ke gugar cikin kwanon ƙarfe maimakon fad da disk, shi yana da sifirin na gaske da ke janye layinin, don haka lafiyayyensa kusan ba ya shafa. Hannun mutum ke ɓata shi. Direba ya ce yana son feda a sama, sai yaro ya ɗaure ajasta har wili ya kama. Daidai shi ne a ɗaure har ya fara shafa, a sassauta har wili ya juya sakayau. Sai igiyar hambirki: ruwa ya shiga rigarta ta yi tsatsa, ka sauke hannu a ciki amma can baya ba ta koma ba. Yawancin ƙananan motoci ƙara 6 zuwa 9 hambirki ke yi kafin ya kama. Wanda ke kamawa a 2 an ɗaure shi da yawa. Kuma a gyara layinin tukuna kafin a taɓa igiya, ba a rufe cinyewar layinin da jan igiya.

Masu Honda Accord da Golf mai disk a baya da hambirkin igiya su kula: fistin ɗin baya murɗa shi ake yi yana shiga, ba a danna shi da ƙarfi, don hambirki na cikinsa. A Accord, tsagin fuskar fistin dole ya dace da ɗan ƙullun da ke bayan fad, in ba haka ba fad zai zauna a karkace yana guga. Camry da Sienna masu disk a baya da birkin fakin na igiya kuwa akwai ƙaramin diram ɓoye a cikin disk ɗin, na fakin ne kawai, shi ma yana kamawa.

Baba Iliya Apapa: Yara, ku sa da manyan motoci. Birkin tirela da tanka na iska ne, kuma na fakin sifirin ne ƙato ke danne shi, iska ce ke ɗage shi. Cikakkiyar iska wajen bar 8 ce. Direban da ya ja mota allura ba ta hau ba, ko yana da yoyon iska a layin bodi, sifirin bai gama ɗagewa ba, yana jan kaya da birki a rabin kame. Gas na tafiya, diram na gasuwa, giris ɗin boris ya narke, tayar ciki ta kama wuta. A tsiyaye ruwan tankin iska kullum, a ba sandar da ke buɗa layinin giris, a duba sifirin ɗin da ke mayar da su. Duk tsayawa a zagaya a ji zafin kowane diram.

Usman Obalende: Allah ya ƙara girma, Baba. Tambaya biyu. In wili ya yi zafi a hanya a watsa masa ruwa? Kuma wasu na toshe bututun ƙafar da ke kamawa su ci gaba da aiki.

Ɗanlami Mai Birki, Alaba Rago: Duka biyun a'a. Ruwan sanyi a kan disk mai zafi na iya tsaga shi ko ya karkatar da shi. A tsaya nesa da ciyawa da gidan mai, kada a ja hambirki in ƙafar baya ce, a sa dutse, a jira ya huce. Toshe bututu kuwa, mota ta koma ƙafa uku, ran da ka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi za ta juya da kai. Ga kuma abin da ya fi litar mai muhimmanci: zafin nan yana tafasa man birki. Man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai digiri 205, DOT 4 sai 230, amma suna tsotsar danshi, kuma wanda ya sha ruwa na iya tafasa a 140 da 155. Ya tafasa, ya zama tururi, feda ta tafi ƙasa. A laimar Legas kada ya wuce shekara biyu ba a canza ba, daga sabuwar kwalba a rufe. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da waɗannan. Duk ƙafar da ta gasu, a canza fad na ɓangaren biyu tare, a duba boris ɗinta.

Injiniya Bashir Ikeja: Akwai hanyar da birki lafiyayye ke cin mai da ba mu taɓo ba, kuma ta fi shafar fad nesa ba kusa ba. Mota mai kilo 1,500 a gudun 60 tana ɗauke da kilojul 208. Da ka taka ta tsaya cak, duk ya zama zafi, kuma sai ka sake sayensa da fetur, kusan mililita 26. Tsayawa 40 irin wannan lita ɗaya. Mai manne wa motar gaba a Ikorodu Road, totur birki, totur birki, shi ke biyan wannan. Bar tazara, ɗaga ƙafa tun daga nesa. Masu otomatik da ke ajiye ƙafar hagu a kan feda, da masu babur da ke ɗora ƙafa a kan birkin baya, da kansu suke ƙirƙirar riƙon da muke ta nema.

Alhaji Garba Idi-Araba: Shi ya sa tsofaffin direbobi ke sa firi a gangara.

Injiniya Bashir Ikeja: A zamanin kafireto akwai hujja, Alhaji. Motar nozil in tana cikin giya, ƙafa ba ta kan totur, inji na juyawa sama da salo (gudunsa in mota na tsaye), kwamfuta na yanke mai, tayoyi ke juya inji. A firi kuwa dole ta ba shi mai don kada ya mutu, kuma duk nauyin gangarar ya koma kan fad.

Alhaji Garba Idi-Araba: Na karɓi wannan a gangara mai tsayi. A shimfiɗaɗɗen titi dai firi ya fi nisa, giya na riƙe mota.

Injiniya Bashir Ikeja: Ya fi nisa, ban musa ba. Amma inda za ka tsaya ko ta yaya, kamar danja ko bakin cunkoso, barinta a giya ya fi.

Nasiru Agege: Na gode ƙwarai. Oga Sale, bayan an gama gyaran, me za a duba kafin a hau titi?

Oga Sale Ladipo: A goge fuskar da disk ke zama a kai kafin a mayar da shi, tsatsa kaɗan a nan na sa shi rawa yana bugun fad kowane zagaye. A ɗaure notin taya a gicciye, ba a bi da bi ba, kuma ba da tsalle a kan sifana ba. Corolla da Camry niyuton-mita 103 ne. A yi famfon feda har ta yi tauri kafin a sa giya. A duba layin mai a tanki. Sannan a yi tafiyar minti goma, a dawo a sake ɗagawa, a juya wilin da zafinsa, a gwada shi da na ɗaya gefen.